Iccen da Na Kafa a Shinge na Sha Ɗaya

Kun tashi kuna jin cewa kuskure ne ya dawo da ni daga Doha. Haka mahaifiyarku ta faɗa muku, haka ta faɗa wa maƙwabta, ita ma haka aka faɗa mata, kuma ban taɓa buɗe baki na gyara ba. Akwai kuskure a ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. Yanzu da gwiwa ta ƙi, ido ya fara ƙin ƙananan rubutu, ina so in ajiye muku abin yadda ya faru tun hannuna yana iya riƙe biro. Karatuna bai wuce firamare ba, kada ku nemi ado a cikinsa.

Kun san ni da waswasi. Kun sha yi mini dariya in na kulle ƙofa na kai bakin titi, na dawo na sake taɓa kwaɗon. Ba daga sama na same shi ba. Kakanku kafinta ne a Misau, kuma kujera ba ta taɓa fita daga rumfarsa ba sai ya hau kanta da kansa ya girgiza. In ta yi ko ɗan ƙara, sai ya sauko ya dube ni, ni da na buga ƙusar.

"Haladu, mai cikin da za ta zauna a kan wannan, ka san ta? To ni ma ban san ta ba. Sake."

Da wannan muryar na girma, da ita na yi aure, da ita na hau jirgi. A Doha gadi nake yi a wani babban kanti a Al Gharrafa, muna kwana mu shida a ɗaki ɗaya a Fereej Abdel Aziz. Cikinmu akwai Alhassan, mutumin Kumasi, shi ya raɗa mini suna Malam Sake-duba. Kullum da safe in mun sauko za mu shiga mota sai ya riƙe ƙofar ya ce,

"Malam Sake-duba, mu tafi, ko sai ka koma ka yi wa tukunyar gas sallama?"

Sau da yawa kuwa sai na koma ɗin.

Sai cutar korona ta zo. Aka rufe kantin, aka rufe masallatai. Ladan yana kiran salla kamar kullum, amma a ƙarshe sai ya ce kowa ya yi a gidansa, ka leƙa ta taga ka ga ƙofar masallacin a garƙame, ka rasa daga ina muryar take fitowa. Titunan da ba ka iya tsallakawa suka zama wayam, fitilun hanya suna ta canza launi ba mota ko ɗaya. Mun yi watanni a haka. Ko da aka fara buɗe gari, ba a mayar da mu duka bakin aiki ba. Wata rana wakilin kafil ɗinmu, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanmu a ƙasar, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, takunkumi a fuskarsa, ya tambaya ko akwai wanda ya san aikin katako. Na ɗaga hannu. Ya ce yalla, in yi maza in haɗa kayana.

Motar ta wuce Al Wukair ta shiga fili, har muka iso wani wuri da aka shimfiɗa ciyawa kore shar a tsakiyar rairayi, da tafki wanda mutane suka haƙa, da tuddai waɗanda mutane suka tara. Ba tsuntsu, ba ƙuda. A nan za a yi wata babbar gasar dawakai, mahaya daga ƙasashe da yawa, amma saboda cutar ba za a bar ɗan kallo ko ɗaya ya shigo ba. Aka sauke mu a kwantena, aka ce wanda ya shigo ba ya fita sai an gama. Bayan 'yan kwanaki kaɗan sai a zo a cusa mana tsinke a hanci.

A nan na haɗu da Ishaya, wani Kirista ɗan Pankshin, mai kamar shekara talatin da ɗoriya. Ya iya Turanci, ya iya na'urori, shi ne hannun daman Baturen da ya tsara shingayen da dawakan za su tsallaka. Tun ranar farko da ya ji Hausata ya fara ce mini Baba. Shi ya yi mini bayanin gasar. Kwana uku ake yi, doki ɗaya da mahayi ɗaya. Ranar farko a nuna ladabin doki a cikin fage. Ranar biyu a fita fili da sukuwa, a tsallake gungumen itatuwa da ramuka da ruwa. Ranar uku a dawo fage a tsallake sanduna marasa nauyi.

"Ta biyun nan ita ce mai cin mutane, Baba," in ji shi. "Ita muke ginawa."

Na yi makonni ina fere katako, ina shafa fenti, ina ɗaukar gungume tare da 'yan Nepal. Aikin ya yi mini daɗi, hannuna ya tuna rumfar Misau. Amma akwai wasu shingaye da ba a bari mu ƙarasa. In mun ɗora gungumen sama, sai Baturen da Ishaya su zo da wani ɗan akwati su gama da kansu. Ana saura kwana biyu gasa aka tara mu a rana, kowa nesa da kowa, Baturen ya yi dogon jawabi ta cikin takunkumi. Turancina na bakin ƙofar kanti ne, kuma rabinsa daga leɓen mai magana nake karantawa. Ranar ba leɓe. Da ya gama ya tambaya ko kowa ya gane, na ga kowa ya gyaɗa kai, ni ma na gyaɗa. Ni ne mafi tsufa a wurin, na ji kunyar in tambaya.

Ranar farko an bar mu mun tsaya a bayan shinge muna kallo. Ban taɓa ganin abu mai tayar da tsikar jiki irin wannan ba. Kujeru dubbai babu kowa a kai. Alƙalai suna zaune cikin wasu ƙananan ɗakunan gilashi, ba ka ganin fuskarsu. Sai a kaɗa 'yar ƙararrawa, doki ya shigo, ya yi gaba, ya yi gefe a karkace, ya tsaya cak, ya ja da baya, kuma ba ka ga mahayin ya motsa ko yatsa ba, kamar wani ne daga sama yake jan su da zare. Shirun har kana jin kukan fatar sirdi. In sun gama, mahayin ya sunkuyar da kai, sai lasifika ta saki tafin mutane wanda aka naɗa tun wata shekara, ya cika wurin, sannan a yanke shi ɗif a tsakiya. Cikin waɗanda suka shigo akwai wata goɗiya mai ruwan toka, da wata yarinya 'yar siririya a kanta, ba za ta wuce ashirin da biyu ba. Da aka saki tafin nan sai ta juya ta ɗaga wa kujerun hannu, ta yi dariya, ta kwanta ta rungume wuyan goɗiyar. Ita kaɗai na ga ta yi dariya ranar.

Da la'asar na kira mahaifiyarku na ce mata gobe an ba ni shinge nawa ni kaɗai, na sha ɗaya, in riƙa gyara ƙasar gabansa da manjagara duk lokacin da doki ya wuce.

"Malam, dawakai kuma? Kai da ko jaki ban taɓa ganin ka hau ba?"

"Ba hawa zan yi ba, shara ce."

"To ka yi sharar ka tsaya a nan. Na san ka. In aka ce ka share ɗaki sai an same ka a kan rufi kana toshe yoyo."

Na yi dariya, na ce ta gaida yara.

Washegari muka tashi cikin wani farin hazo mai laima wanda ke tasowa daga teku. In ka miƙa hannu da ƙyar kake ganin yatsunka. Na isa shingena da wuri. Masu duba shingaye suka zo a 'yar motarsu, suka zagaya shi, suka rubuta, suka ɓace cikin farin. Na fara shara. Can na dafa gungumen sama don in huta, sai na ji ya yi ɗan motsi a ƙarƙashin hannuna, kamar haƙorin da ya fara girgiɗi. Na ajiye manjagarar. Na ture tukwanen furannin da aka jera don ado, na tsuguna na duba. Gungumen nan da sai mutum huɗu suke ɗaga shi, ba a kan komai yake zaune ba sai wasu ƙusoshi biyu, ɗaya a kowane gefe, kaurinsu bai fi yatsana ba. Kuma kowace tana da wani tsagi a tsakiya, kamar an fara yanka ta da zarto aka fasa.

Na miƙe. Na ce ko dai mantuwa ce, ko ha'inci. Na ga doki a zuciyata ya taɓa shi, gungumen ya rufto a kan ƙafafunsa. Ishaya yana can wani gefen filin, ba ni da oba-oba, 'yar rediyon hannun da suke kiran juna da ita, kuma ko da ina da ita me zan ce a ciki? Na ruga bayan kwantenarmu na ɗauko guntayen icce biyu masu tauri da guduma. Na tsayar da su a ƙarƙashin gungumen, ɗaya hagu ɗaya dama, jikin ginshiƙan, na buga su har suka shige daram. Na dama na fi bugawa, don ya ɗan fi tsawo. Na mayar da furannin suka rufe su. Na hau gungumen da kaina na girgiza. Ko gezau. Sannan na mayar da gudumar inda na ɗauko ta, don ban taɓa barin kayan aiki a yashe ba. Ina dawowa na ji zuciyata ta kwanta irin kwanciyar da rabona da ita tun kafin cutar.

Kowane shinge yana da alƙalinsa. Nawa wata tsohuwar Baturiya ce mai farin gashi, ta zo da kujerar ninkewa da lema da usur da oba-oba. Ta ɗaga mini hannu, na ɗaga mata. Aka jira hazon ya ɗan yaye, bai tafi duka ba aka fara. An ja igiya doguwa gefen hanyar dawakan don tare 'yan kallo, ga igiyar tana lilo, ba kowa a bayanta. Wata murya a lasifika tana ta bayani, ban san wa take yi wa ba. Doki kuwa ba ka fara ganinsa. A tafin ƙafarka za ka fara jin sa, ƙasa tana bugawa. Sai numfashinsa. Sai ya ɓullo daga cikin farin kamar an tura shi, ya tashi sama, ya dira, farin ya sake haɗiye shi. Tsohuwar ta faɗi lamba a oba-oba, ni kuma in shiga in share sawun kafin wani ya zo.

Wajen hantsi hazon ya ja baya har ina hango shinge na tara. Ina kallo wani baƙin doki ya iso shi a makare, ya doki gungumen sama da ƙirjinsa. Na ji ƙas, gungumen ya faɗi ƙasa, dokin ya durƙusa a gwiwa, ya miƙe, ya ci gaba da mahayinsa a kai. Aka tsayar da gasar na ɗan lokaci, Ishaya da mutanensa suka zo suka ɗaga gungumen suka mayar. Da zai koma ya tsaya a wurina ya miƙo mini gorar ruwa.

"Ishaya, wa ya yi wancan aikin? Taɓawa ɗaya ya zube. Da a rumfar babana ne da yau wani bai ci abinci ba."

Ya yi dariya har takunkuminsa ya zame.

"Baba, ai wannan zubewar ita ce aikin. Ba ka ji bayanin da Bature ya yi mana ran nan ba? Ƙusar an yi ta ne don ta karye. In gungumen ya tsaya, ƙirjin dokin ya tsaya, amma bayansa ba ya tsayawa. Sai ya wuntsila ta sama ya faɗo a kan mai hawansa. Na taɓa gani a bidiyo sau ɗaya, ranar ko ruwa ban iya sha ba. Wancan mutumin da ka gani ya wuce, ƙusar nan ce ta mayar da shi wurin matarsa."

Aka kira shi a oba-oba, ya ce yana zuwa, ya ja motarsa.

Daga nan ne abin da ba a gaya muku ba ya fara. Ina riƙe da gorar ruwan, ina kallon bayan motarsa, muryata tana nan a maƙogwarona. Da na ƙwala masa kira da ya ji. Ban kira ba. Tsohuwar tana zaune taku goma daga inda nake, da usur a wuyanta wanda busa ɗaya zai tsayar da komai. Ban je ba. Na sha tambayar kaina dalili. Akwai tsoron kafil, akwai tsoron a kore ni. Amma in zan faɗi gaskiya, abin da ya fi riƙe ni shi ne hoton kaina a tsaye a gaban Turawa da 'yan Nepal, da furfurata, ana nuna ni ana cewa ga tsohon da bai gane komai ba ya gyaɗa kai. Na ce a raina zan gyara shi shiru, ba wanda zai sani.

Ƙasa ta fara bugawa. Doki na farko ya tsallake, ko taɓawa bai yi ba. Na shiga da manjagara, na matsa jikin ginshiƙin hagu kamar ina shara, na sa dunduniya na doki iccen. Bai motsa ba. Aka busa usur daga shinge na goma, na fita. Na biyu ya wuce. Na uku kofatonsa ya goge gungumen, na ji ƙarar a haƙorana. Duk shigar da na yi sai na doki iccen hagu, har bayan na huɗu ya goce ya faɗi cikin furanni. Na koma na dama. Na doke shi da ƙafa, na zura ƙotar manjagara na banƙara, ƙotar ta tsage. Yana nan kamar tare aka halicce shi da ginshiƙin. Gudumar kuwa tana can bayan kwantena, a wurinta, a ajiye tsaf. Na biyar ya wuce. Na shida ya wuce. Rigata ta jiƙe sharkaf da gumi.

Tsohuwar ta lura na daɗe a jikin shingen. Ta sauke takardarta ta dube ni, ta ɗaga babban yatsa.

"Oke?"

Na dube ta. Idanunta shuɗaye ne, masu kirki, tana jira.

"Oke, Madam," na ce.

Ta bakwai ita ce goɗiya mai ruwan toka. Na gane ta tun daga nesa. Ta zo da gudu mai kyau, amma taku uku kafin shingen sai ƙafarta ta ɗan zame, ta tashi a makare. Ƙafafunta na gaba suka doki gungumen. Ƙusar hagu ta karye kamar yadda aka yi ta don ta yi, gefen ya faɗi. Gefen dama ya tsaya a kan iccena. Gungumen ya karkace ya kama ta, na ga cikinta yana kallon sama, na ga kofatai huɗu a iska. Rigar iskar da mahaya ke sawa don kariya in sun faɗi ta kumbura da ƙara kamar bindiga, yarinyar ta yi gefe guda, ita kuma goɗiyar ta daki ƙasa da wuya. Taku ɗaya ne tsakaninsu. Tsohuwar tana ta busa usur. Muryar lasifika ta yi shiru, sai aka sa wani kiɗa mai taushi.

Motar asibiti ta zo, motar likitan dabbobi ta zo. Aka sauko da wasu dogayen labulayen tamfol masu sanduna, aka kewaye goɗiyar, duk da babu ɗan kallon da za a ɓoye wa. Wani ya danƙa mini sanda ɗaya ya juya ni, ya nuna mini in kalli waje. Haka na tsaya, bayana a jikin tamfol, ina fuskantar igiyar nan da ba kowa a bayanta. Kan goɗiyar yana daidai ƙafafuna. Duk numfashin da ta fitar sai tamfol ɗin ya kumbura ya taɓa ƙwaurina, da ɗumi, sannan ya koma. Ina jin muryar yarinyar a ciki, ta ƙi shiga motar asibiti, tana maimaita kalma ɗaya cikin wani harshe da ban sani ba, ina jin sunan goɗiyar ne. Likitan ya yi magana ƙasa-ƙasa. Tamfol ya taɓa ni, ya koma. Ya taɓa ni, ya koma. Na tsaya ina jiran na gaba. Kiɗan yana ta yi.

Daga inda nake ina ganin shingen. Baturen da ya tsara shi ya iso da Ishaya. Ya tsuguna a gefen dama, ya ture tukunyar furanni, ya daɗe bai tashi ba. Da ya tashi bai ɗaga murya ba. Ya zaro takarda ya nuna wa Ishaya sa hannunsa a kai, ya nuna iccen. Na ga Ishaya yana girgiza kai, yana buɗe hannuwa. Ba zan iya sakin sandar ba, don haka daga nan na yi magana, da Hausa.

"Ishaya, ni ne. Ni na kafa shi da safe bayan masu dubawa sun wuce. Na ɗauka mantuwa aka yi. Amma tun da ka tsaya ka ba ni ruwa na san abin da na yi. Dawakai shida suka wuce ina sane. Matar nan ta tambaye ni, na ce mata lafiya. Ka gaya masa duka."

Ishaya ya dube ni. Ya juya ya yi wa Baturen magana. Ban iya Turanci ba, amma na iya tsawon magana. Tawa doguwa ce, tasa gajeriya.

"Ka gaya masa na sani? Ka gaya masa shida?"

"Baba, don Allah yi shiru."

"Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?"

"Na ce kai ka sa, ba ka san aikin ƙusar ba, so ka yi ka kare su. Khalas, shi ke nan. In na ƙara sauran, ba jirgi za ka hau ba, motar 'yan sanda ce. Kana da yara. Ni ma za a ce na tsaya a nan ina surutu ban duba ba. Riƙe sandarka."

Na san lamba shida da Turanci. Na san yadda ake cewa na sani. Baturen yana kallona, yana jira ko akwai ƙari. Na riƙe sandata.

An yi mini tambayoyi a ofis, Ishaya yana fassara, kuma kullum fassarar tana tsayawa wuri ɗaya. Aka ce in zauna a kwantena kada in fita sai kafil ya aiko. Ranar uku daga bakin ƙofa nake hango fagen, dawakan da suka rage suna tsallake sanduna masu launi, in sanda ta faɗi wani ya ruga ya mayar. Tafin nan na lasifika yana tashi yana yankewa. Bayan azahar sai na ga Ishaya yana tahowa da wata, hannunta rataye a wuya, tana ɗingishi. Yarinyar ce. A ɗaya hannun tana riƙe da wata kitsattsiyar igiya mai ruwan toka, sai da ta matso na gane gashin wutsiyar goɗiyar ne. Ta tsaya nesa kaɗan kamar yadda doka ta ce. Idanunta kawai nake gani, sun kumbura. Ta yi magana a hankali, tana rarrabe kalmomin don in gane, kuma na gane tun kafin Ishaya ya buɗe baki.

"Ta ce an gaya mata ba ka sani ba. Ta ce ta san taimako ka yi niyya. Ta ce kada ka ɗauki abin a ranka, ta yafe maka."

Ita da ta rasa goɗiyarta, ita ta tako da ƙafa mai ciwo ta zo ta lallashe ni. Leɓɓana sun motsa a cikin takunkumi, ba wanda ya gani. Abin da ya fito shi ne na gode. Ta gyaɗa kai ta juya.

Bayan mako biyu aka sa ni a jirgi. Ishaya ya kira mahaifiyarku ya ba ta labarin yadda ya ba Baturen, ta tare ni a ƙofar gida tana cewa ƙaddara ce, wanda bai sani ba Allah ba ya kama shi. Na ce haka ne. Da lokacin gasar ƙwallon kofin duniya da aka yi a can ƙasar ya zo kuka ja ni gidan kallo don in nuna muku titunan da na sani. Kun tuna ban kai ƙarshen wasan farko ba. Kun ɗauka baƙin cikin barin garin ne. Tafin mutanen ne ya tashi, na ji bugun ƙasa a tafin ƙafata, na zauna ina jiran a yanke shi ɗif.

Na yi istigfari, ina kan yi. Amma malamai sun ce haƙƙin mutum sai mutum, kuma yafiyar da yarinyar nan ta yi, wani ta yi wa, wani tsoho da bai sani ba. Ni ban taɓa samun tawa ba. Ban ga laifin Ishaya ba, kada ku gani. Saboda ku ya yi.

Safiya, ke ce kika yi nisa a karatu a gidan nan. Na sa Ishaya ya turo mini sunan yarinyar da na ƙasarsu, suna cikin takarda a aljihun akwatina na ƙarfe. Ya ce masu irin wannan sana'a ba su da wuyar samu a waya. Ki juya mata wannan zuwa Turanci, musamman daga inda aka miƙo mini gorar ruwa zuwa inda na ce oke. Kada ki tausasa, kada ki ce tsoho ne, kada ki sa sunan Ishaya a inda zai cutu. Ki rubuta shida da lamba. In ta karanta ta janye yafiyarta, haƙƙinta ne. In kuma amsa ta zo ina raye, ki zauna a gabana ki karanta mini ita duka, komai tsawonta, ina kallon bakinki.